Yatsa Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Lodz.
Dusar ƙanƙara ta toshe bakin unguwa,
ni kaɗai ce ido biyu a saman tsohuwar masaƙa
da aka yanyanka ta koma ɗakunan haya.
Shayi ya huce. Tawada ta ƙi bushewa.

Ziemowit ya sake turo saƙo daga kamfani:
"Bogna, dodon nan naki bai firgita kowa ba.
Ƙara masa ƙaho. Ƙara masa haƙora.
Litinin za mu kai maɗaba'a."

Na ƙara ƙaho, ya zama bunsuru.
Na ƙara haƙora, ya zama zarto.
Na sa masa ido bakwai,
duk suka zubo mini
kamar na ci bashinsu.
Takarda goma sha ɗaya a kwandon shara.

Sunansa Mai Karɓar Harajin Gada.
A littafin wasan an ce ba ya gudu,
ba ya ɗaga murya.
In ɗan lidonka ya faɗi ƙasa da shida
sai ya zare maka abin da ka fi son tunawa.
Ina ruwan irin wannan da ƙaho?

Sai na goge.
Na bar masa doguwar kwat baƙa wuluk
irin ta masu jiran jirgin asuba,
na binne fuskar a inuwar hula,
na ɗauki gawayi na gangara wajen hannu.
Hannu ne ke tona asirin mai zane.
Ban yi shawara ba, gawayin ne ya ja ni:
jijiyoyi kamar igiyar shanya,
farce a fashe,
yatsa ɗaya, biyu, uku, huɗu,
sai dungu inda na biyar ya kamata ya tsaya.

Na san hannun.
Injin saƙa ne ya cinye yatsan
a hawa na biyu na ginin nan, tun ba a haife ni ba.
Da shi babana Eustachy ke yanka burodi
siriri har ana hango fitila ta cikinsa.
Da shi yake ƙwanƙwasa tebur sau uku
mu yi tsit, har agogon bango ya haɗiye numfashi.
Bai taɓa dukana ba.
Da ma ya doka, in san iyakar abin.

Na tura zanen da sassafe.
Ziemowit ya ce, "Shi ne! Tsigar jikina ta tashi.
Amma kin manta yatsa ɗaya."
Na ce ban manta ba.

Bayan wata takwas, a taron masu wasa a Poznan,
aka kafa shi a bango, tsayin mutum uku.
Wani yaro da bai wuce sha huɗu ba,
cikin kwat ɗin aro da ta haɗiye shi,
ya naɗe ƙaramin yatsansa da baƙin salatif,
ya miƙo littafi in sa hannu.
"Ni nake zama shi duk Juma'a a teburinmu.
Abokaina sun ce mugu ne.
Ni dai gani nake gajiya ce ta yi masa yawa."
Na daɗe ina laluben murfin alƙalami
a ƙarƙashin tebur, alhali yana tafina.

Ran Lahadi na kai littafin gidan kula da tsofaffi.
Baba ya gaishe ni gaisuwar baƙuwa,
ya tambaya ko ni ce mai kawo magani.
Na buɗe shafi na arba'in da uku a cinyarsa.
Ya duba, ya duba.
Ya ɗora hannunsa kan wancan hannun,
huɗu a kan huɗu.
Ya ce, "Wanda ya zana wannan ya iya.
Sai dai ki gaya masa
dungun bai kai haka tsawo ba."